Gizo A Ƙofar Masu Buga Littattafai

Ya ku 'yan makaranta, yau maganarmu da ku ce, musamman waɗanda Allah ya sa wa son alƙalami. Akwai wani abu da muke gani yana faruwa a makarantun nan na Nassarawa da kewayenta, ya kuwa yi yawa har ba ma iya yin shiru. Yaro ya zauna ya shirya labari na Gizo, ko na Kura, ko na Zomo, ya ƙare hutunsa duka yana gyara, malaminsa ya duba masa, a aika wa masu buga littattafai. Bayan wata uku ko huɗu amsa ta zo, layi biyar ko shida. Su gode masa, su yabi Hausarsa, sa'an nan su ce labarin dabbobi ba ya tafiya a kasuwa yanzu, wai yaran zamani sun fi son labarin mutane irinsu. Waɗansu kuwa su ce Gizon nan nasa ya cika mugunta, da zai tuba a ƙarshe da sun sake dubawa. Ba za mu kama sunan kowa ba, gama ba gida ɗaya ke yin wannan ba.

To, abin da ya fi ba mu haushi shi ne abin da ke biyo baya. Wani yaron ya ɗauki takardar nan kamar hukuncin alƙali, ya naɗe labarinsa ya jefa ƙarƙashin akwati, ba ya sake rubuta ko baƙi ɗaya. Wani kuma, mai saurin biyayya, ya kama Gizo ya tuɓe masa ƙafafu shida, ya sa masa rigar makaranta, ya raɗa masa suna Audu, ya sa shi yana gai da iyayensa da safe yana wanke hannu kafin cin abinci. Labarin ya fito tsaf, ba mai iya kushe shi, ba kuma mai iya karanta shi har ƙarshe. Mu kam muka ce duka biyu sun yi kuskure, domin ba su san yadda ake karanta amsar mai buga littafi ba.

Bari mu fara da zancen wai labarin dabbobi ya tsufa. Wannan raini ba yau aka fara shi ba, riga kawai ya sake. A nan Nassarawa, inda kuke bi kullum ku wuce Gidan Ɗan Hausa, nan Hanns Vischer ya buɗe makarantar gwamnati a 1909, aka fara koya wa 'ya'yan ƙasar nan rubutun boko. Ba a daɗe ba, tsakanin 1911 da 1913, Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyi da labarun Hausa waɗanda malamai suka rubuta da ajami, Gizo da Kura da Dila na ta kai da kawowa a cikinsu. Watau tun boko yana rarrafe dabbobin nan suka shiga takarda. Amma duk da haka, da Dokta East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zaga a 1933 yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa, sai da ya sha wuya, domin a ganin da yawa daga cikinsu tatsuniya aikin mata ne da ƙananan yara, bai kamaci mai ilimi ya sa hannunsa ciki ba. Jiya malami ya ce ƙarya ce ta tsofaffi, yau ɗan kasuwa ya ce ba ta da ciniki. Duk kanwar ja ce.

Me ya faru bayan haka? A 1936 aka kira Malam Abubakar Imam daga Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya zauna Zariya wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Wa ya ɗora wa nauyin littafin duka? Ba sarki ba, ba jarumi ba, tsuntsu! Aku ne ya riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare, ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun waziri, har daga baya shi akun aka naɗa waziri. A littafi na biyu ya kara da wani aku, Haziƙ, a na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih. Shi ma wannan dabara ta aku mai ba da labari tsohuwa ce, daga Indiya ta bi ta Farisa kafin ta iso mana, kamar yadda diloli biyun nan Kalila da Dimna suka bi har Ibnul Muƙaffa ya mai da labarinsu Larabci a ƙarni na 8. Kakanninku sun karanta Aku, iyayenku sun karanta, ku ma kuna karantawa. Duk wanda ya ce muku tsuntsu mai magana ba shi da kasuwa a ƙasar Hausa, ku tambaye shi wane littafin hira ne na Hausa ya fi wannan daɗewa a hannun 'yan makaranta.

Amma zancen da ya fi yi mana ciwo shi ne na a sa Gizo ya tuba. Haba jama'a! Gizo ƙaramin abu ne, ba ƙarfi, ba sarauta, ba dukiya, ga tsamin baki, ga ci kamar gara. Yana zaune cikin daji ɗaya da Zaki da Giwa da Kura, kowannensu in ya taka shi ko sani ba zai yi ba. Abin da ya mallaka duk duniya wayo ne. Shin wa ya fi yaro ɗan shekara bakwai sanin irin wannan zama? Kowa a gida ya fi shi girma, kowa na iya aikensa, kowa na iya ƙwace abin hannunsa. Don haka sa'ad da Gizo ya haɗa Giwa da Dorina jan igiya, kowace tana tsammani da shi take ja, yaro yakan yi dariya har da hawaye, gama ya ga na ƙasa ya juya na sama. Sa'ad da kuma kwaɗayin Gizo ya kai shi ya baro shi, ya sha duka, ya koma wurin Ƙoƙi yana ɗingishi, yaron nan dai shi ke dariya, ya kuwa gane sarai abin da ya ja wa Gizo, ba sai an tsaya an yi masa wa'azi ba. Mun yi shekaru muna koyarwa, ba mu taɓa ganin yaron da ya zama ɓarawo don ya ji tatsuniyar Gizo ba. Mun dai ga yara da yawa da suka tsani karatu saboda an cika su da labarin yaron kirki wanda bai taɓa yin laifi ba.

Ga kuma wani amfani wanda manya suka fi yara sani. Abin da ba ka iya faɗa wa mai iko ido da ido, kana iya sa shi a bakin Dila. In ka ce wane azzalumi ne, ka ja wa kanka. In ka ce Kura ce aka ba ajiyar nama, kowa ya gane, ba kuwa wanda zai kai ƙararka.

Wannan ya kawo mu ga labarin wani Bature, George Orwell, wanda ya kamata duk mai jiran amsa daga maɗaba'a ya sani. Ya gama littafinsa Animal Farm a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, labarin dabbobin da suka kori mai gona suka kafa mulkin kansu, aladu suka zame musu sababbin iyayengiji. Kowa ya san da Rasha yake, Rasha kuwa a lokacin abokiyar Ingila ce a yaƙi. Kamfanin Jonathan Cape ya karɓa, sa'an nan ya janye bayan wani jami'in gwamnati ya ja masa kunne, ya kuma ba da shawara wai da za a sake wata dabba a madadin aladu da abin ya yi sauƙi. T. S. Eliot, babban mawaƙi, shi ya amsa a madadin kamfanin Faber: ya yabi rubutun ƙwarai, amma ya ƙi, har ya kawo hujja cewa aladun ai sun fi sauran dabbobi basira, saboda haka su suka cancanci riƙe gonar. Wani kamfani a Amurka kuma ya ce labarin dabbobi ba ya sayuwa a ƙasarsu. Kun ji fa, kalmar da ake gaya muku yau ita aka gaya masa. Ku duba amsoshin nan da kyau: na farko tsoro ne ya sa rigar shawara, na biyu saɓanin ra'ayin siyasa ne, na uku kuwa da alama bai ma gane abin da ya karanta ba. Ba ɗaya cikinsu da ya nuna aibi a ginin labarin. Da Orwell ya bi ta Cape ya mai da aladunsa tumaki, da ya kashe littafinsa da hannunsa. Bai bi ba. Secker & Warburg suka buga shi a watan Agusta na 1945, ya zaga duniya, har Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da shi Hausa a 1975 da sunan Gandun Dabbobi.

Kada kuwa wani ya ji wannan ya kumbura, ya ce duk wanda ya ƙi labarinsa jahili ne ko matsoraci. A'a. Akwai amsar da take magani, ko da ɗaci. Wata Baturiya, Beatrix Potter, ta rubuta labarin wani ɗan zomo mai ƙin jin maganar uwarsa, Peter Rabbit, ta zana hotunansa da kanta. Kamfanoni da dama suka mayar mata, sai ta buga guda 250 da kuɗinta a ƙarshen 1901. Kamfanin Frederick Warne, wanda yana cikin waɗanda suka ƙi da fari, ya dawo ya ce zai buga in ta yarda ta sa wa hotunan launi. Da farko ba ta so ba, amma ta yi, littafin ya fito a 1902, har yau ana bugawa. Ku lura da bambancin. Warne bai ce ta mai da zomon yaro ba, bai ce ta hana shi satar shiga lambu ba. Ya nuna abu guda, ƙayyadadde, wanda in an yi shi littafin zai ƙara kyau ya kuma zauna yadda yake. Ita ma ta tsaya a kan nata, cewa littafin ya zama ƙarami daidai hannun yaro, mai araha.

Ga ma'aunin da muke ba ku ke nan. In amsa ta ɗora yatsa a kan wani wuri cikin labarinku, ta ce nan ya yi tsawo, nan ba a gane wa ke magana ba, nan Kura ta yi abin da Kura ba ta yi, to mai amsar ya karanta, ku saurare shi ko da ranku ya ɓaci. In kuwa amsar tana iya dacewa da labarin kowa, ba ta ambaci ko sunan dabba ɗaya daga cikin naku ba, to labarin aljihunsa yake ba ku, ku gode masa ku nemi wata ƙofa.

Mu ma muna da tamu amsar gare ku, ba kuwa za mu ɓoye ba don muna faɗa dominku. Da yawa cikin labaran da kuke kawo mana dabbobinsu na aro ne. Kun gani a talabijin ko a waya, kun kwaso dabbobin ƙasashen ƙanƙara waɗanda ba ku taɓa jin ko warinsu ba, kun sa su suna shan shayi a kan tebur. Waɗansu kuma suna ne kawai na dabba: an ce Kura, amma ba kwaɗayi, ba tsoro, ba wautar nan tata da ke sa a ruɗe ta da ƙashi. Ku gwada wannan: ku soke sunan Kura ko'ina cikin labarinku ku rubuta Akuya. In labarin ya tafi daidai ba abin da ya karkace, to dama ba Kura a ciki, mai bugawa kuma da ya ƙi bai zalunce ku ba. Aro ba laifi ba ne, Imam ma ya ara daga Larabawa da Turawa da mutanen Indiya, amma sai da ya jiƙa abin ya zama namu. Funtuwa ma da ya tashi bai bar sunayen Ingila ba, mai gona ya zama Nomau, dokin nan mai aiki tuƙuru ya zama Akawal, shugaban aladu Maitumbi. Wanda yake son ya san halin dabbobinmu na gaskiya ya nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, ko ma ya fi sauƙi, ya sayi goro ya je wurin kakarsa bayan sallar lisha.

Saura ku, masu buga littattafai. Mun sani takarda ta yi tsada, hoto mai launi ya fi ta tsada, littafin yara kuwa ba ya yiwuwa ba hoto. Wannan uzuri ne na gaskiya, ba mai ganin laifinku a kansa. To ku faɗe shi haka nan mana! Ku ce wa yaro ba mu da kuɗin mai zane bana. Kada ku ce masa yara sun daina son Gizo, alhali ba ku tara yara goma kun karanta musu kun ga sun yi hamma ba. Babba in ya ji irin wannan magana ya san ta ciniki ce, ya kaɗa rigarsa ya wuce, ga shi marubutan Kano tun cikin shekarun 1980 suka koyi buga littattafansu da kansu su kai kasuwa. Amma ɗan shekara goma sha huɗu bai san haka ba, gaskata ku yake yi.

Ku kuma 'yan makaranta, duk wanda ya jefa labarinsa ƙarƙashin akwati ya ciro shi. Ya tara ƙannensa da dare ya karanta musu da ƙarfi, yana duban fuskokinsu, ya sa alama da fensir duk inda suka yi dariya da duk inda suka fara wasa da yatsun ƙafa. Sa'an nan ya ɗauko takardar maɗaba'ar ya aza kusa da alamomin nan ya gwada. In yana da sauran shakka, ya rubuta wa editan takarda cikin ladabi, tambaya ɗaya tak: a wane shafi ne labarin ya fara gundurarsa? Wanda ya sami amsa ya kawo mana mu duba tare. Wasalam.