Masallacin Yama ba ya buƙatar siminti

Wata magana ta zama ruwan dare a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, wai ginin ƙasa alamar talauci ce, duk garin da ya samu hali sai ya rushe tsohon masallacinsa ya tayar da na bulo da kwano. Masu wannan ra'ayi su daure su je Yama, cikin gundumar Illela, su buɗe ido.

A 1962 ne mutanen garin suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin gina masallacin Juma'a. Da gayya aka yi shi: wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. A 1975 ya sake rufin, ya ɗaura bakan gizo da tulluwa. Daga 1978 zuwa 1982 ya tayar da hasumiya huɗu, babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Wannan ne talaucin?

Masu son siminti suna da hujjarsu: laka na son yaɓe a kai a kai, samarin da za su yi shi kuwa sun tafi cin rani. Gaskiya ne, sai dai maganin nasu ya fi cutar muni. Idan aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti, danshi ba ya samun mafita, sai ƙasar ta riƙa ruɓewa daga ciki har ɓawon ya ɓalle ya tafi da fuskar bangon. Simintin Malbaza yana da muhallinsa a gadoji da madatsun ruwa.

Mutanen Dandaji sun nuna wata hanya. Da suka buƙaci babban masallaci, ba a rushe tsohon ba. A 2018 ya zama ɗakin karatu bisa tsarin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, kuma maginan da suka gina shi tun asali sun sa hannu a gyaran.

Saura malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Su kai ɗalibai Yama, su naɗi bayanin tsofaffin magina tun suna raye, su farfaɗo da gayyar yaɓe kafin faɗuwar damina, su matsa wa magadan gari su ware kuɗin azara da ladan magina. Bangon da ya tsage yana gyaruwa muddin akwai wanda ya iya; in magini ya kwanta dama bai bar almajiri ba, kuɗi ba za su maido da hannunsa ba.