Matsirgar Al-Hada ba Gurara ba ce, a yi hoton daga kan tudu

Garin da ruwan da yake samu a shekara bai fi milimita ɗari da 'yan kai ba, ba abin mamaki ba ne idan an yi ruwa mutane su fito kallo. Haka Makka take. Da hadari ya sauka a duwatsun Al-Hada, kan hanyar Ɗa'ifa, sai ruwa ya riƙa zubowa daga ƙwanƙolin dutse fari fat, abin da Larabawa ke kira shallal, mu kuma matsirga. Kafin magariba bidiyon ya kai Kano, ya kai Maraɗi. A Janairun 2023 da duwatsun gefen Makka suka yi kore, har gardama aka riƙa yi a gida ko hoton gaske ne, wasu ma suka kai maganar ga alamomin tashin ƙiyama. Wannan fage na malamai ne. Tawa maganar a kan yadda muke ɗaukar hotunan ne.

Matsirgar nan ba irin Gurara ta jihar Neja ba ce, ko ta Matsirga da ke kusa da Kafanchan, waɗanda ruwansu ke da hanya sananniya. Ta Makka 'yar sa'o'i ce. Al-Hada na da tsawon kusan mita 2,000, Makka kuwa ba ta kai mita 300 ba, kuma dutsen ba ya shan ruwa. Abin da ya zuba a sama gaba ɗaya yake gangarowa kwari, irin Wadi Nu'uman, da duwatsu da itace a gabansa. Kana iya tsayawa a busasshen yashi, ko yayyafi babu a kanka, ruwan da aka yi can sama ya same ka.

To amma ina samarinmu ke tsayawa? Cikin kwarin, gindin ruwan, waya a sama. Wanda ya zauna Jidda a 2009 bai manta 25 ga Nuwamba ba, ranar da alhazai ke fita Mina, ambaliya ta ci mutum fiye da 120. Hoton nan na 1941 da ake ta yawo da shi, na yaro yana ɗawafi da iyo, shi ma shaida ne kan irin ruwan kwarin Makka. Ba banza ba ake rufe hanyar Al-Hada idan ruwa ya yi ƙarfi, kuma tarar ratsa kwari da mota yana gudu daga riyal 5,000 take farawa har 10,000. Albashin wata nawa ke nan ga mai aikin shago a Shari'u Mansur?

Abin haushin ma, hoton da ake kasadar dominsa ba ya kyau. Feshi ya jiƙe gilashin kamara, hannu na rawa, ruwan ya fito kamar an watsa farar ƙasa. Dalilin kuwa duwatsun nan duhu gare su, sai wayar ta ɗauka wuri ya yi duhu ta ƙara haske, farin ruwan ya ƙone, babu ko layi ɗaya a jikinsa. Maganin sauƙi ne da shi: taɓa ruwan a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa har ka fara ganin zare-zarensa. Dutsen da ya yi duhu ana iya gyara shi daga baya, farin da ya ƙone ya tafi ke nan.

Shi kuwa ruwan nan mai laushi kamar auduga da kuke gani a kalanda, barin idon kamara aka yi a buɗe na ɗan lokaci, kwatan daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu. Mai Samsung zai samu wannan a Pro, ya sauke ISO zuwa 50 ko 100. Mai iPhone ya ɗauka da Live, sannan ya zaɓi Long Exposure. Sharaɗin ɗaya ne, kada wayar ta motsa ko kaɗan. In babu ƙafar kamara, a jingina ta da dutse ko katangar bakin titi, a sa mata ƙidayar daƙiƙa biyu ko uku don kada yatsa ya girgiza ta. Da rana tsaka haske zai yi yawa, sai an ɗora baƙin gilashin rage haske da ake kira ND. Akwai na maƙalawa a waya. Akwai kuma wanda ake juyawa ya kashe ƙyallin jiƙaƙƙen dutse, launi ya fito. Baƙin tabarau ma kan ɗan taimaka idan an kara shi. Ranar da gajimare ya rufe rana ita ce ranar hoto.

Ku lura, duk wannan aiki ne na mai natsuwa a busasshen wuri. Daga kan tudu ne za ka haɗa ruwan da lanƙwasar titi, ko wata bishiya, ko birai ɗin nan na Al-Hada, mai kallo a Katsina ya gane girman dutsen. Kada ka dasa ruwan a tsakiya ƙiƙam, ka tura shi gefe, ka rage sararin sama in fari ne.

Wani zai ce ruwan ba ya jira, kafin ka nemi tudu ya ƙafe. Gaskiya ne, wani lokaci za ka rasa shi. Amma ruwan da ya fi kyau a hoto shi ne na bayan ɗaukewar sama, lokacin da jan laka ya wuce ya bar garau.

Saura masu ƙara kore da manhaja har dutsen Makka ya koma kamar Mambila, da masu turo bidiyon wata ƙasa su ce bayan Harami ne. Su suka sa idan ka aika na gaske ƙaninka yake tambaya ko haɗawa aka yi. Mai aikawa gida ya rubuta wurin da ranar a ƙasan hoton. Ku kuma iyaye a gida, idan ɗanku ya turo bidiyo ruwa na dukan ƙafarsa, kafin ku tura wa dangi ku kira shi ku tambaye shi inda ya tsaya.