Mai Hoto a Gangara: Ya Koyi Haske Kafin Ya Sayi Inji

Kamar yadda kowa ya sani, a zamanin nan da wuya mutum ya nemi takardar hukuma ba a tambaye shi hoto ba. Katin ɗan ƙasa yana son hoto, fasfon maniyyaci yana son hoto, haka nan takardun ɗalibin da zai zauna jarrabawar BEPC. A Yamai ko Damagaram wannan ba abin damuwa ba ne, mutum zai leƙa shago ya fito. Amma ga talakan da ke zaune a ƙauyukan ƙaramar hukumar Gangara, tsakanin Tanut da Balbeji, ɗan hoton nan da bai cika tafin hannun jariri ba yakan ci masa kuɗin mota da yini guda na aikin gona. In kuwa ma'aikaci ya duba ya ce fuskar ba ta fito ba, sai a sake sabon lale.

Saboda haka abin a yaba ne idan samarin Damargu suka kama sana'ar hoto a garuruwansu. Sai dai akwai kuskuren da ya kamata a gyara tun da wuri. Saurayi zai dawo daga cin rani a Agadas, ko daga haƙar zinariya a Jado, da ƴan jikkunansa a aljihu, ya zuba su gaba ɗaya a kan babban injin ɗaukar hoto mai dogon baki. Sa'ad da ya buɗe shago babu sauran kuɗin takarda, hotunansa kuma suna fitowa da duhu kamar an ɗauke su cikin rumbu. Injin ba shi da laifi. Mai shi ne bai san haske ba, alhali kalmar hoto kanta, a harshen Girkawa inda ta samo asali, ma'anarta zane da haske.

Tarihin sana'ar a Afirka ta Yamma ya isa shaida. Seydou Keïta na Bamako ya fara da ƙaramin injin Kodak da wani ɗan'uwan iyayensa ya ba shi a 1935, ya buɗe wurin aikinsa a 1948. Mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, kuma mayafin gadonsa ne kyallen da ya fara ratayawa bayan mutane. Saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya tak yakan ɗauki mutum. Ya rasu a 2001, a 2016 kuma aka baje hotunan nan a babban zauren Grand Palais na birnin Paris. A nan gida Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970 da injin da bai kai wayar hannu ta yau dabara ba. Abin da mutanen nan suka mallaka shi ne ido mai sanin inda haske yake fitowa da inda yake sauka.

Mai hoto na Damargu yana da wata wahala tasa wadda littattafan Turawa ba su cika kula da ita ba. Dattijo zai zo masa da farar riga da farin rawani, ga baƙar fata, a tsai da shi gaban farin bango. Shi kuwa inji ba ya sanin mutum, yana auna hasken da ke gabansa ne duka ya raba tsakani. Da ya ga fari ya yi yawa sai ya rage hasken da yake shigarwa, rigar ta fito tas, fuskar ta nutse. Ga rawani ko malafa sun yi wa ido rumfa, in Buzu ne ga amawali ya rufe haɓa. Maganin wannan bai kai dala ba. A umarci injin ya auna fuska kaɗai, ko kuwa a ƙara masa haske kaɗan, sa'an nan a ba yaro farin kwali ya riƙe daidai ƙirjin dattijon, ya karkata shi sama. Hasken da kwalin ya mayar zai shiga ƙarƙashin rawanin, idanu su fito. Wanda ya manna wa kwalin farar takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin shayi zai sami haske mafi ƙarfi, sai dai yakan sa goshi ya yi maiƙo, don haka a yi hattara.

Darasi na farko ke nan: rana tsaka abokiyar gabar mai hoto ce. Tana dukan mutum daga bisa, ta bar ramin ido da ƙarƙashin hanci baƙi ƙirin, ta sa shi ya ƙanƙance ido. Haske mai kyau yana bakin inuwa, wato a zaunar da mutum taki ɗaya ko biyu cikin rumfa ko bakin zaure, fuskarsa na duban fili. Dalili kuwa shi ne, gwargwadon faɗin wurin da haske ke fitowa, gwargwadon laushin inuwarsa. Ƙaramar fitila tana yanka inuwa kamar wuƙa, faɗin sararin sama kuwa yana shafa ta kamar auduga. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa manyan masu hoto suke sa farar lema gaban fitilunsu, ya kuma gane cewa yadi biyu na akoko da aka ɗaure a kan firam na kara za su yi masa wannan aiki.

Littattafan Turai suna cewa a buɗe tagar ɗakin hoto ta dubi arewa, domin rana ba ta shigowa ta can. A ƙasarsu gaskiya ne. A Gangara gaskiya ce rabi da rabi. Daga watan Satumba zuwa Maris rana tana bi ta kudu, ƙofar arewa na ba da haske mai sanyi yini zubur. Amma daga watan Mayu zuwa tsakiyar Agusta rana takan hau bisa kai har ta ɗan karkata arewa, ta fito ta arewa maso gabas ta faɗi ta arewa maso yamma. Bugu da ƙari iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ƙofar nan za ta zubo ƙura a kan kayan aiki. Don haka ƙofar arewa tana bukatar ƴar rumfa a gabanta da labulen farin yadi. Hazo kansa yana da amfaninsa, domin yana tausasa rana kamar an yi wa sama labule, sai dai yana sa launi ya yi ja-ja, dole a gyara ma'aunin fari na injin da farar takarda kafin a fara aiki.

Darasi na biyu na lissafi ne, kuma duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya riƙe shi. In aka ninka nisan fitila daga mutum, hasken da ke isa gare shi ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Fitilar da ke mita 1 daga fuska, in aka ja ta mita 2, sai an tara irinta huɗu kafin a mayar da hasken farko. Ma'ana, mai ƙaramar fitila ya matso da ita kusa, ya huta da sayen babba. A ajiye ta gefe guda, tsakanin gaba da kafaɗa, ta ɗan fi kan mutum tsawo, farin kwali kuma ya tare ɗaya gefen. A janye kujera kamar mita ɗaya da rabi daga bango don inuwa ta faɗi ƙasa, kada ta tsaya bayan kunne. Kada kuma a gama fitila mai jan haske da mai farin haske a ɗaki ɗaya, fuska za ta fito da launi biyu.

Sai maganar wuta. Ƙauyuka da yawa na Damargu layin NIGELEC bai kai gare su ba, injin wuta kuwa yana shan isansi, ko da yake matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, ba kyauta take ba da shi ba. Fitilar LED mai wat 10 tana ba da haske kwatankwacin tsohon ƙwan fitila mai wat 60. Guda biyu in sun yi awa 5 suna ci, sun sha wat-awa 100 ke nan. Batir mai bolt 12 da ampa-awa 50 yana ɗaukar wat-awa 600, ko da rabi kaɗai aka taɓa don kada ya mutu da wuri, ya ishi fitilun har da cajin inji. Farantin hasken rana guda ɗaya zai cika shi. Rana dai ba ta yi wa Damargu rowa ba.

To, da me za a fara saye? Da na'urar wanke hoto, domin talaka takarda yake so ya riƙe a hannu ya kai ofis. Ƙananan na'urori masu buga hoto da zafi, irin su Canon Selphy, sun fi masu ruwan tawada jure wa ƙasar nan, don tawada takan bushe ta toshe in zafi ya yi yawa ko an kwana biyu ba a yi aiki ba. Takarda ɗaya mai santimita 10 da 15 tana ɗaukar ƙananan hotuna 8 masu milimita 35 da 45, ma'aunin da aka saba nema a fasfo. Amma kafin a biya kuɗi a tabbatar ana samun takardarta da zirin launinta a Damagaram, in ba haka ba an sayi doki babu ciyawa. Bayan ta sai batir da faranti, sai fitilu da ƙafar kafa inji. Injin ɗaukar hoto shi ne na ƙarshe, kuma na hannu mai lafiya ya wadatar. Mai shago zai yi ta kirarin miliyoyin ɗigo da injinsa ke da su. Gaskiyar magana, hoton santimita 10 da 15 ɗigo miliyan 2 da ƴan kai yake bukata ya fito sarai, na fasfo kuwa bai kai rubu'in miliyan ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne mai hoto ya ja da baya kamar mita 2, don in ya matsa kusa hanci zai kumbura, kunnuwa su ɓuya. Ya kuma tanadi akwati mai murfi da tsumma mai laushi, gama ƙura ta fi ɓarawo kashe inji.

Wani zai ce ai yanzu kowa na da wayar Tecno ko Itel a aljihu, hukuma kuma ta fara ɗaukar hoto da kanta, kamar yadda aka yi wajen rijistar masu zaɓe ta 2020, inda ma'aikata suka zo da injunansu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya dogara ga hoton kati kaɗai zai ga kasuwarsa tana raguwa. Amma wannan ƙarin dalili ne na koyon haske. Amarya ranar buki, mai jego ranar suna, iyali ranar salla, tsoho da ƴaƴansa ke son su aika hotonsa ga ɗan'uwa a Libiya, duk suna da waya, abin da za su biya kuɗi a kansa shi ne fuska ta fito da mutuncinta. Wayar kanta in ta sami bakin rumfa da farin kwali za ta yi abin da babban inji ba zai yi ba cikin tsakar rana.

Akwai abin da ya rataya a wuyan ma'aikata. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi suna koyar da ɗinki da walda da kafinta, babu abin da zai hana a ƙara mako biyu na hoto, asusun FAFPA kuma domin tallafa wa irin wannan horo aka kafa shi. Ma'aikatar yaƙi da jahilci za ta iya buga ɗan littafi da Hausa, shafi goma da zane-zane, a raba wa cibiyoyin karatun manya. Mafi sauƙi duka, ofishin magajin garin Gangara ya lika takarda a bakin ƙofa, da Hausa da Faransanci, mai bayyana ma'aunin hoton da ake karɓa, launin bangonsa, da yadda za a gyara rawani ko lulluɓi fuska ta fito daga goshi zuwa haɓa. A aika kwafinta ga hakimai da masu hoto na kasuwanni kafin lokacin tattara takardun jarrabawa.