Hasken da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa

Mai karatu, duk lokacin da ka tura wa ɗan'uwanka kuɗi ta waya daga Babura, ko mai POS a kasuwar Kazaure ya ce maka "sun shiga", ɗan gajeren zango kawai saƙon ya yi a iska. A wani wuri kan hanya yakan gangara ƙasa, ya shige zaren gilashi mai kaurin silin gashi, ya koma haske mai ƙyaftawa. Wannan ita ce wayar faiba.

To amma gilashi ai ratsa shi haske yake yi. Me ya hana shi tserewa ta gefe?

Cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗaga shi sama da idonka, ka leƙi saman ruwan daga ƙasa a karkace. Za ka ga ya zama madubi fes. Dalili shi ne, idan haske zai fita daga abin da ke rage masa gudu sosai, kamar ruwa, zuwa wanda bai kai shi ba, kamar iska, kuma ya zo wa iyakar a kwance sosai, ba ya fita. Gaba ɗayansa yake dawowa ciki.

Haka aka ƙera faiba. Akwai ɓargon tsakiya, siriri ƙwarai, sannan wani gilashin ya lulluɓe shi, wanda haske ya ɗan fi gudu a cikinsa. Bambancin nasu kaɗan ne, amma ya isa. Hasken da aka harba a ɓargon, duk sanda ya taɓi bango sai ya dawo, a haka yake bin zaren da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, ko da zaren ya yi kwana a hankali. Yara za su iya gani da idonsu: a huda gorar ruwa a gefe cikin ɗaki mai duhu, a haska tocila daga bayanta, haske zai bi ruwan da ke tsartuwa ya lanƙwasa tare da shi.

Matsalar da ta daɗe ita ce dattin da ke cikin gilashi yana shanye hasken. A 1966 Charles Kao ya nuna cewa in an tace gilashin sosai zai kai saƙo nesa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2009.

Sai dai dabarar tana da rauni. In aka lanƙwasa zaren da ƙarfi, hasken ya daina zuwa wa bango a kwance, sai ya zurare waje. In diga ko katafila ta tsinke shi, shi ke nan. Ka tuna 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa? Har a nan arewa intanet ta yi nauyi, tura kuɗi ta banki ya yi wuya.

Saboda haka in kana haƙa kwalbati ko harsashin shago a bakin titin Kano zuwa Daura, ko hanyar Roni da Gwiwa, ka ci karo da bututun roba a binne, ka dakata ka tambaya. Masu tonowa don su kai wa 'yan gwangwan kuwa wahalar banza suke yi, zaren gilashi ne, ba jan ƙarfe ba. Gyaransa kuma ba ƙulli ba ne irin na wayar lantarki: sai ma'aikata sun gano inda ya tsinke, sun daidaita bakunan biyu da na'ura, sun narkar da su sun haɗe, zare bayan zare.