Macijin Nokia Ya Dawo, Ina Dandalin?

Mu da muka tashi a Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, ba mu manta da wasan maciji na Nokia 3310 ba. Yau ga shi ya dawo cikin wayoyin zamani, tare da Tetris da Super Mario, kowa na dannawa shi kaɗai. A da kuwa waya ɗaya ke zagaya hannu goma a ƙofar gida, ana gardama da tsokana da Hausa, a garin da Twi ke mulkin kasuwa da titi. A irin wannan zama harshenmu ya zauna a bakinmu. Idan muka sauke wasannin, mu kira 'ya'yanmu tsakar gida, mu miƙa musu wayar, mu yi gardamar tare da su, da Hausa.