Hunturu ya shigo: a bar matasa su buga gem, amma tare



Duk wanda ya yi shekara biyu ko uku a zumuntar matasa ya san yadda kujeru suke zama babu kowa daga tsakiyar Disamba har ƙarshen Janairu. Wasu tafiya suka yi, wannan kowa ya sani. Manyan motoci suna cika a tashar New Road su nufi Onitsha da Aba, namu kuma suna kama hanyar Kafanchan, Zonkwa, Jos, Billiri, Zuru, ko ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada. 'Yan Kagoro ba a ganinsu sai an gama bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. Amma akwai kashi na biyu, waɗanda ba su je ko'ina ba. Suna nan a Sabon Gari, a Fagge, a Kwakwaci da No Man's Land, kuma su ma ba ma ganinsu. A kansu muke so mu yi magana, da kuma wani abu da muka saba zagi duk lokacin da aka ba mu damar magana a gaban ikkilisiya, wato buga gem.

Ra'ayinmu shi ne, gem ɗin da ake bugawa tare da mutane, ana dariya ana tsokana, yana cikin abubuwa masu sauƙin kuɗi da suke riƙe matashi a wannan lokaci, kuma ya kamata zumunta ta daina yi masa kallon abokin gaba. Mun san wasu iyayenmu ba za su ji daɗin wannan magana ba. Muna roƙonsu su saurare mu har ƙarshe.

Hunturun Kano ba wasa ba ne. Iskar da take kaɗowa daga arewa maso gabas tana ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta zo ta sauke mana. Rana takan fito kamar farantin azurfa, ba zafi ba haske. Akwai ranakun da hazo yake hana jirage sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mura da tari su zaga gida, mai asma kuwa sai dai a yi masa addu'a. Wanka da asuba ya zama yaƙi. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne yadda wannan yanayi yake rushe zaman hira. Bencin ƙofar gida da ake zama har sha ɗaya na dare, yanzu takwas ta yi kowa ya shige ɗaki. Ƙwallon yamma ta ragu domin ƙura. Mai sayar da kaya a Kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari ya tashi, ya rufe hanci da ƙyalle, ya tafi gida kai tsaye. Dare ya yi tsawo, ɗaki ya yi shiru.

A ƙasashen Turai da Amurka likitoci sun daɗe da gane wata damuwa da take zuwa da lokacin sanyi. Wani likita mai suna Norman Rosenthal da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a rubuce a 1984, suka danganta ta da ƙarancin hasken rana. A Landan, yinin ƙarshen Disamba ba ya kai awa 8. Mu a nan ba haka abin yake ba, domin bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano kusan awa ɗaya da rabi ne kawai. Saboda haka bai kamata mu aro sunan ciwonsu mu liƙa wa kanmu ba. Namu nauyin zuciyar yana da nasa dalilai, kuma suna a fili. Abokai sun tafi, kai ba ka da kuɗin mota. Hotunan biki suna ta shigowa wayarka daga ƙauye. Janairu ya zo da kuɗin makaranta da kuɗin haya, kasuwa ta mutu, wanda ya gama bautar ƙasa ya ƙara shekara ɗaya babu aiki, wanda yake jiran a ɗauke shi jami'a yana nan yana jira. A daren shiga sabuwar shekara ka ji shaidar wasu, ka duba kanka ka ga ba ka da abin faɗa. Haɗa wannan da jiki mara daɗi da sararin sama mai launin toka, ba sai an kira likita daga Turai ya gaya mana me zai biyo baya ba.

To me gem yake yi a nan? Ku lura da samari biyu da suka zauna suna buga ƙwallo a PlayStation, wasan da har yau kowa yake ce masa FIFA ko da yake kamfanin ya canja masa suna zuwa EA Sports FC tun 2023. Wasa ɗaya ba ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Ba sa kallon juna, idonsu yana kan talabijin. Wannan shi ne sirrin. Saurayin da in ka zaunar da shi ka ce "ɗan'uwa, me yake damunka?" zai ce maka "ba komai", shi ne wanda a tsakanin wasa na biyu da na uku zai furta cewa maigidansa a kasuwa ya sallame shi, ko kuma babansu ba shi da lafiya a gida. Maganar tana fita ne domin babu wanda ya tsare shi da ido. Ko bai faɗi komai ba, ya fito daga ɗaki, ya wanke fuska, wani ya kira sunansa, an ci shi uku da nema an yi masa dariya, shi ma ya rama. Ga wanda ya yi kwana huɗu bai yi magana da kowa ba sai mai shayi, wannan babban abu ne.

Haka yake da ludo na waya. Ludo King, wanda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ya shiga gidajenmu sosai lokacin kullen korona da aka yi a Kano a Afrilun 2020. Mutum huɗu za su iya wasa ɗaya, ɗaya a Fagge, ɗaya a Kafanchan, ɗaya a Legas, ɗaya a makaranta a Zariya. Ba ya cin data mai yawa, ba ya buƙatar babbar waya, kuma ba sai ka iya komai ba. Uwa tana iya cinye ɗanta. Kuma kada mu manta, kakanninmu ma lokacin da aka gama girbi sanyi ya shigo, a nan ne ake haƙa ramukan dara, a yi langa, a kewaye wuta ana tatsuniya. Sun san cewa watannin nan suna buƙatar wasa. Kayan wasan ne suka canja.

Yanzu ga abin da iyayenmu dattawa za su ce, kuma suna da gaskiya a wurare da yawa. Za su ce sun ga yaron da gem ya cinye, ya daina karatu, ya daina zuwa sujada, yana kwana a kan waya har asuba. Mu ma mun gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka da ta amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Amma ku dubi yadda ta bayyana shi: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma yawanci abin ya kai wata 12 a haka. Wannan ya yi nisa da samari huɗu da suka haɗu ranar Asabar da yamma. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi 'yan wasa kusan 39,000 a wani nazari da suka fitar a 2022, suka ga yawan lokacin da mutum ya ɗauka yana wasa ba shi da wani tasiri mai girma a kan jin daɗin zuciyarsa, ko ta alheri ko ta sharri. Abin da ya fi tafiya tare da lafiyar zuciya shi ne dalilin wasan: kana yi domin kana so, ko kuwa kana ji kamar dole ce ta kama ka. Wannan ya yi daidai da abin da idonmu yake gani. Wanda yake harbe-harbe a Free Fire ko Call of Duty shi kaɗai ƙarfe biyu na dare, da baƙin da bai san sunansu ba, ya lulluɓa da bargo domin kada a ga hasken waya, yakan tashi da safe ya fi jiya nauyi. Rashin barci kaɗai ya isa ya ƙara wa mai damuwa damuwa. Wannan ba shi muke karewa ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma muna ganin a nan ne ya kamata faɗan iyayenmu ya sauka. Caca ce da ta sa rigar gem. Wasan ƙwallon kwamfuta da ake zuba kuɗi a shagunan caca, wanda yake ƙarewa cikin 'yan mintoci a sake sabo, da kuma al'adar "a sa wani abu a ƙasa" kafin a buga FIFA. Da zarar kuɗi ya shiga, abokinka ya koma wanda kake so ka talauta, dariyar ta mutu, a tashi da gaba. Janairu kuwa shi ne watan da aljihu ya bushe har mutum ya fara tunanin ɗari biyar ɗinsa za ta haifi dubu hamsin. In muka haɗa gem da caca muka zage su da baki ɗaya, matashi zai ga ba mu san abin da muke faɗa ba, sai ya daina sauraronmu a kan duka biyun.

Sai maganar wuri. Gidajen gem na unguwa yawanci ɗaki ne ƙarami, a rufe saboda sanyi da ƙura, janareta yana hayaƙi a bakin ƙofa, wani lokaci da masu shaye-shaye a gefe. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin kowane wasa ya tashi, data ma ta ƙara tsada bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta amince da shi a Janairun 2025. Kuma 'yan'uwanmu mata ba sa shiga waɗannan ɗakuna, da dalili. Su ma hunturu yana taɓa su, wataƙila fiye da mu, domin su ne suke wanke-wanke da ruwan sanyi kuma su ne aka fi hana fita.

Shi ya sa muke ganin zumunta ce ya kamata ta buɗe ƙofa. Ajin Makarantar Lahadi yana nan a kulle duk mako. A nemi izinin Baba Fasto da dattawa, yamma ɗaya a mako daga Disamba zuwa Fabrairu, daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai. Wani ya kawo talabijin, wani ya kawo na'urarsa, a ajiye allon ludo da dara a gefe domin masu jiran layi, a dafa shayi mai citta. Wanda aka ci ya tashi ya ba wani, maza da mata, wanda ya iya da wanda bai taɓa riƙewa ba. Ba a sa ko naira ɗaya a ƙasa. In lokaci ya yi a kashe, ko ana tsakiyar wasa. Kuma, wannan zai yi wa wasunmu wuya, kada a mai da shi tarko. In muka ce a zo a yi wasa, sa'an nan muka kashe talabijin bayan minti ashirin muka fara wa'azin awa ɗaya, sau ɗaya za su zo. A buɗe da gajeriyar addu'a, a rufe da ita, ya isa. Muna da ranar binciken Littafi Mai Tsarki, tana nan ba ta gudu ba. In saurayi ya zo da abokinsa Musulmi daga Fagge wanda suke tsaron shago tare, a ba shi kujera da kofin shayi.

Wani zai ce wannan ba aikin ruhaniya ba ne. Mu tuna da ƙarshen wasiƙar Manzo Bulus ta biyu zuwa ga Timoti. Tsoho ne a kurkuku, abokan tafiya sun watse, Luka kaɗai ya rage. Abin da ya roƙa shi ne a kawo masa mayafinsa da ya bari a Taruwasa, da littattafansa, kuma Timoti ya yi ƙoƙari ya iso kafin lokacin sanyi. Abin rufa, abin da zai ɗebe masa kewa, da fuskar aboki. Bai ji kunyar neman waɗannan ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa bangaskiyarsa ta raunana saboda ya nema.

Sai dai gem yana da iyaka, kuma dole mu san ta. Yana ɗebe kewa, ba ya warkar da ciwon damuwa. In ɗan'uwa ya kai mako biyu ko fiye ba ya cin abinci, barci ya gagara ko ya yi yawa, abin da yake so a dā ya daina burge shi, har wasan ma an kira shi ya ƙi zuwa, ko ya fara maganar cewa gara ya mutu ya huta, to an wuce wurin da FIFA da shayi za su yi aiki. Kada a tsaya a kan "ka ƙara addu'a" kawai, kada kuma a ɓoye domin gudun abin da mutane za su ce. A gaya wa babba mai riƙe amana, a raka shi ya ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin masu wannan larura a Dawanau. A nan ma yammar wasan tana da amfani, domin in akwai wurin da ake sa ran ganin mutum kowane mako, ranar da bai zo ba za a lura.

Shugabannin zumunta suna da littafin sunaye. Kafin Lahadi mai zuwa, a zauna a ware waɗanda suka yi tafiya da waɗanda suke gari amma ba a gan su ba tun kafin Kirsimeti. Na biyun ne za a fara kira. Kada a tambaye su dalilin da ya sa ba sa zuwa sujada. A ce musu ranar Asabar ƙarfe huɗu akwai ludo da FIFA, kuma ana neman wanda zai cike na huɗu.