Kwalekwale A Bayan Jirgi Mai Inji

Jama'a, mu mazauna Ɗan Iya a Bauchi iyakar ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Gubi, shi ya sa abin da na gani a Yawuri, bakin kogin Kwara, ya tsaya mini a rai. Ran kasuwa masunta kan ɗaura kwalekwalensu a bayan babban jirgi mai inji ya ja su, su huta da tuƙi. Dabara ce, amma igiyar da na gani gajera ce, ga kuma yaro zaune a ciki.

Gajeriyar igiya takan jefa kwalekwale tsakiyar raƙuman ruwan da inji ke tayarwa. In direba ya rage gudu farat ɗaya, kwalekwale ba shi da birki, sai ya daki jirgin, igiya ta naɗe a farfela. Kamata ya yi a tsawaita ta, a ɗaure ƙasa-ƙasa a goshin kwalekwale, yaron ya koma babban jirgi, wani ya zauna da wuƙa kusa da ƙullin.

Muna roƙon hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta zauna da sarakunan ruwa a kan wannan magana kafin damina.